Tsuntsu Mai Baki Biyu a Gwangwanin Kakanka

Kafin gaisuwa ma, riƙe wannan kacici-kacicin, maigidana marar cefane. Abu ne ɗan ƙanƙane, in ka ba shi ɗaya ya mayar maka biyu, amma in ka miƙa hannu ɗaya za ka ɗauka. Mene ne? Kar ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka.

To, assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan kowa lafiya. Babanka na zuwa duba ni yana faɗa kamar shi ya haife ni, gwaggonka kuma ƙafar ta yi sauƙi har ta koma yawonta.

Maganar aikin da ka ɗora mini ce. Ka ce in buɗe gwangwanin kan sarkin da marigayi kakanka ya tara tun yana aikin gidan waya, in ware masu kuskuren bugu, wai su masu tarawa suka fi so. Na riƙe duk abin da ka koya mini ta waya: a ɗauka da hantsaki ba da yatsa ba, a duba wanda launi ɗaya ya ɓace, da wanda haƙoran gefensa suka ci cikin hoto, sannan babbansu, wanda inji ya buga sau biyu har zanen ya yi inuwa. Ka kuma ja kunnena cewa damewar tawada daban, bugu biyu daban, don na gaske layinsa tsaf yake fita kusa da ɗan'uwansa.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga na zauna da gilashin kakanka mai ƙara girma. Na farko da na ɗauka, wani shuɗi mai tsuntsu, sai ga baki biyu. Na biyu jirgin ruwa, shi ma da inuwarsa. Kafin azahar na cika faranti. Har na fara zagin marigayi a raina, na ce ashe a kan arziki mutumin nan ya kwanta yana hana ni kuɗin zani. Na kira maƙwabciyata mai ɗinki in yi mata fariya. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce ita baki ɗaya take gani. Na ce mata makauniya, ta je ta nemi tabarau.

Bayan ta fita sai wani tunani ya zo mini. In inuwar a jikin takarda take, ai in na juya takardar dole ta juya tare da ita. Na kama tsuntsun da hantsaki na kifa kansa ƙasa. Inuwar ba ta motsa ba, tana nan gefen dama inda take. Na juya jirgin, haka. Na juya duk na farantin, ba wanda ya yi mini kara. Da na ɗaga kai sai na ga ƙarfen taga ma ya haifi ɗan'uwa. A nan na tuna kwanan nan sau da yawa ina zuba ruwa gefen kofi ina ɗora wa butar laifi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ni kimar ta ɓace mini.

Jikana, tsoro nake ji. Ka san yayata da haka nata ciwon idon ya fara. Aka ɗauke ta daga ɗakinta aka kai ta gidan ɗanta, aka raba ta da murhunta, ta ƙare rayuwa a kan kujera ana miƙo mata cokali. Babanka da ya ji, abin da zai yi ke nan, kuma bakina ba zai iya gaya masa ba, ni da na shekara da shekaru ina kiransa mai ido huɗu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kira shi kai, yana jin maganarka. Ka ce na yarda ya kai ni asibiti ko gobe, ko fiɗa ce a yi, amma a dawo da ni ɗakina. Kar ka yi nawa, don kullum inuwar ƙara nisa take da uwarta. In ka ga rubutuna ya hau tudu ya gangara, da ɗankwali ɗaure a rabin fuska nake yinsa.

Gwangwanin na rufe shi, sai ka zo ka duba da kanka. Ka gaida matarka mai haƙuri da kai, da 'yar takwarata mai giɓi, da kawunka direba in kun haɗu. Mai ɗinki ma tana gaishe ka, na je na ba ta haƙuri.

Taka har kullum, tsohuwar da ka ƙi saki,
Kakarka.

Amsar kacici-kacicin kuwa, idona ne na hagu.