Gilashin da Na Fasa a Karachi

Baji Nasrin, yayata,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Ammi, mahaifiyarmu? Ina lafiya.

An yi biki a gidan aikina, aka manta jariri a mota a kulle cikin rana. Uban na zaton yana wajen mata, uwar na zaton yana wajen maza. Na fasa gilashin da dutsen niƙa yaji. Ya rayu, amma uban ya ce sata ta kai ni. Ɗan sanda ya zo, yana kirana inna, ya ce, "Khala, wace doka ta ba ki izini?" Litinin zan koma wurin 'yan sanda, wataƙila su tsare ni. Kada Ammi ta ji.

Da na ɗauki jaririn, nauyinsa daidai da na ɗana Tanwir. Ki zuba ruwa a kabarinsa.

Ƙanwarki,
Ruksana