Gwazarma a Ciyawar Baba

Sa'alaba, Jidda

Abban Wafa',

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Tabuk? Mu nan alhamdu lillahi. Na zaɓi rubutu ne don kunnen Baba, mahaifinka, ba ya barin komai ya wuce a waya.

Ciyawar tsakar gida tana mutuwa. Ta yi ja wuri-wuri, in ka ja ta sai ta taso kamar tsohuwar darduma. A ƙarƙashi gwazarma ce, tsutsa fara fat, ta cinye saiwa. Ka san a kanta Wafa' ke koyon tafiya tun da aka yi mata aikin ƙafa, don likita ya ce ta riƙa taka wuri mai laushi ba takalmi.

Na kira wata sharika, wato kamfani mai feshin ƙwari, suka ce za su zo ranar Alhamis su duba kafin su zaɓi magani. Da na gaya wa Baba, ransa ya ɓaci. Ya ce shi ya shuka ta da hannunsa don jikarsa, kuma ya yi noma a Jazira tun ba a haife ni ba, ba zai tsaya wani yaro mai yunifom ya koya masa kashe tsutsa ba. Jiya ya dawo daga kasuwa da wani gari a leda, ba suna ba takarda. Warinsa kaɗai ya sa ni tari.

Don Allah ka yi masa magana, amma kada ka ce ni na kai ƙara.

Taka har kullum,
Bashira

Abban Wafa',

Sallama da fatan alheri. Daga mustashfa, wato asibiti, nake rubuto maka, wayarka ba ta shiga. Ka natsu ka karanta har ƙarshe.

Baba bai jira Alhamis ba. Da safe ina kicin, ashe ya dama garin a bokiti ya yayyafa. Bai faɗa mini ba. Na fito na tarar da Wafa' zaune a tsakiyar ciyawar, rigarta a jiƙe, yatsa a baki. Gefenta tsuntsaye biyu a kife.

Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na yi ta wanke ta a famfo tana kuka. Sai ga Baba ya fito, ni kuwa na ɗaga masa murya. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ce masa in yarinyar nan ta mutu shi ne. Maƙwabta duk sun ji. Ya je ya tsayar mana da mota.

Likita ta tambayi sunan maganin, ledar kuwa ba suna. Sun ɗebi jini, sun ce mu jira. Wafa' tana barci yanzu, ina ta sa hannu a ƙirjinta. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Bashira

Abban Wafa',

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya haƙuri da mu? Kamar yadda na faɗa maka a waya, Wafa' ta kuɓuta, abin bai shiga jikinta sosai ba. Ga abin da ban iya faɗa ba.

Muna jiran sakamako Baba ya zame daga kujera, gumi sharkaf, yana amai. Da hannu tsirara ya dama garin. Tun a mota yake jin jiri, ya ɓoye don kada likitoci su bar yarinyar su koma kansa. Kwana ya yi a kan na'ura. Yanzu yana gida, hannuwansa na rawa, amma sun ce zai warware.

Mutanen sharika sun zo. Sun ce garin ba na amfani a gida ba ne ko kusa, dole suka kwashe ciyawar da ƙasar saman duka. Halas, shi ke nan, tsakar gida ta koma fili. Baba ya kalle su ta taga har suka gama.

Tun ranar bai yi mini magana ba, ni ma kunya ta hana ni shiga ɗakinsa. Sai jiya da na kai masa shayi na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, 'yata. Abu ɗaya nake roƙo, kada ɗana Bilal ya ji daga bakin wani."

Ga shi kuwa ka riga ka ji daga nawa. Don haka in ya kira ka, ka yi shiru ka saurara kamar ba ka san komai ba. Kada ka katse shi, kada ka yi faɗa. Tun safe wayar tana hannunsa, bai danna ba tukuna.

Wafa' tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Bashira