Man Hannu a Kan Tsagar Hajo

Daga wata uwa a cikinmu. Saƙon murya ta turo, ta ce a ɓoye sunanta, na rubuta yadda ta faɗa.

Assalamu alaikum 'yan gurup, ɗiyana da jikokina. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon magana, tsohuwa ce ni, na haura saba'in da biyar, ban iya taƙaitawa ba. Shekaranjiya wata yarinya ta tambaya a nan ko za ta iya shafa loshan ɗin jiki a fuska tunda kirim ɗinta ya ƙare, kuna ta yi mata dariya a kwament. Ni wallahi da aka karanta mini, tuwon da ke gabana ban ƙara kai loma ba.

A Gwandu aka haife ni, zamanin Turawa, saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai ina da shekara tara. Mu lokacin man kaɗanya da man shanu muka sani. To sai ƙanen babanmu, da ke bin lori, ya kawo wa Innarmu tsarabar wata 'yar kwalba daga kanti, cike da mai fari fat kamar kindirmo, ga ƙamshi har waje, da hoton hannu a jiki. Ya ce na hannu da ƙafa ne, matan Turawa ke shafa shi saboda kaushi. Inna ta taɓa kai shi fuska sau ɗaya ya yi mata yaji a ido, daga nan ta ja mini kunne, ta ce wanga mai ba ya hawa sama da wuya, ta ɓoye shi cikin adudu. Ni kuwa ga rawar kai, na san inda yake.

Sai Inna ta haihu, mace, zan kira ta Hajo. Ranar suna wanzamin gidanmu, Labbo, ya zo ya yi mata aski da tsagar gado a kumatu, ya cika tsagar da baƙin tukunya, ya ce kada a taɓa, kada a sa ruwa, da kanta za ta kame. Labbo shi ya yi wa kowa a gidan, har ni, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Kwana biyu na duba jaririya na ga kumatunta baƙi ƙirin, sun yi ɓawo, ga mata na ta shigowa barka. Raina ya ce mini ƙazanta ce, kuma ƙanwata ce, ina son a ɗauke ta a ji ƙamshi. Da Inna ta shiga wankan jego da safe, na baro garken awaki ko hannu ban wanke ba, na ciro kwalbar, na sa tsumma na goge baƙin, na lakato man na cusa cikin tsagar da yatsana. Ta tsanyara kuka, na jijjiga ta har ta yi shiru. Kwana uku ina yi, ni a dole mai gyara.

Ran na huɗu kuncin hagu ya kumbura suntum, ya fara ruwa, idon ya rufe. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da tofi, kafin a kai ta asibitin Birnin Kebbi idon ya riga ya tafi. Ta rayu, amma gefen fuskar ya tattare kamar fatar da ta sha wuta.

Gari ya ɗauka Labbo ne. Wasu suka ce askarsa ba tsabta, wasu suka ce da gangan ya yi saboda sun taɓa sa-in-sa da babanmu kan iyakar gona. Aka kai shi gaban mai unguwa, ya yi ta rantsuwa yana kuka, dattijo da gemunsa, yana cewa a shinshina yarinyar, akwai abin da ba nasa ba a wurin. Ba wanda ya saurare shi. Kakarmu kaɗai ta shinshina, ta ɗago ta kalle ni, kallon da har gobe ina ganinsa. Ta ɗauki kwalbar ta jefa a masai, ta ce mini, “Ke, bakinki.” Shi ke nan, har ta rasu ba ta ƙara tayar da zancen ba. Aka daina kiran Labbo suna da kaciya, ya ɗauki zabirarsa ya koma Kalgo, can ya mutu.

Hajo ta girma tana rufe rabin fuska da gyale. Yara sun yi mata waƙa, ni ce mai dukansu. Ni na yi mata kitso, ni na raka ta ɗakin miji a Kalgo bayan duk sa'o'inta sun yi 'ya'ya uku uku, ni na yi mata wankan jego. Ko'ina cewa take ba ta da kamar Yaya. Kuma tun da ta yi wayo, duk salla sai ta ja wa Labbo Allah ya isa, ina zaune ina ji, ina sunkuyar da kai. Matsoraciya ce ni, na sani, ba sai kun gaya mini ba.

Yanzu Hajo na kwance, ciwo ya ci jikinta, likita ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a. Satin da ya wuce na je Kalgo da hantsi, na same ta an jingina ta da filo. Ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya, na daina kiran sunan Labbo.” Har na fara hamdala a zuciyata. Sai ta ce wani malami ya yi mata nasiha, ya ce ba ta gani da idonta ba, kada ta je lahira da haƙƙin bawan Allah. “Shi ya sa na sake addu'ar. Yanzu cewa nake, ya Allah, duk wanda ya yi mini wanga abu, Kai Ka san shi, ban yafe ba duniya da lahira. Ki ce amin, Yaya.”

Jama'a, ɗiyanta na zagaye da mu, idonta ɗaya na kaina. Na ce amin.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kamar ƙamshin man nan a tafina, na wanke da sabulu har fatar ta yi fari bai tafi ba. Na san yarinya ce ni lokacin, ban yi da mugunta ba, amma shirun da na yi shekara sittin da wani abu fa, wannan ba yarinta ba ce. Kuma jikokin Labbo suna nan Kalgo, har yau akwai masu nuna gidansu da baki.

In na faɗa mata, ina tsoron in ƙarasa ta, ko ta juya mini baya ta cika tana ƙin mutum ɗaya da ta yarda da ita duk rayuwarta. In na yi shiru, za ta tafi da maganar nan, kuma ni da bakina na sa mata hannu. Ɗanta ya kira ni ɗazu, ya ce ta daina cin abinci, sunana kawai take kira, in zo jibi Juma'a kada in wuce haka.

Don girman Allah kada ku zage ni, na riga ku. Ku gaya mini kawai, in na shiga ɗakin nan ta miƙo mini hannu, mi zan ce mata?