Jawabin Ranar Awo

Baban Sadiya,

Assalamu alaikum. Na san babu mai amsa mini sallamar nan, takardar ma ba za ta taɓa isa hannunka ba. Amma kai ka saba mini da rubuta abu idan ya cika mini zuciya, shi ya sa na zauna.

Gida lafiya. Sadiya ta shiga aji uku, har ta fara gyara wa mutane magana kamar ubanta. Gyaɗar da ka shuka ƙaninka Habu ya cire ta, ta yi kyau sosai. Ɗalibanka na nan Gaya in sun gan ni a hanya sai sun tsaya sun gaida matar malamin Hausa. Ni kuma na fita takaba, na koma aiki asibiti a Ajingi, an sake ɗora mini jawabin da ake yi wa masu ciki ranar awo.

Ka tuna yadda nake yin sa a da? In cika shafuka da rubutu a kwamfuta, in haska a bango, in juya wa mata baya ina karantawa. Wasu su yi ta gyangyaɗi, wasu su shiga hirar kasuwa. In dawo gida ina mita wai ba sa son ilimi. Rannan ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka ce in yi maka jawabin, kai ne mai cikin. Ban kai rabi ba ka fara hamma. Yinin ranar ban kula ka ba.

Da na huce ka ce laifin ba na matan ba ne. Ka ce na kwaso duk abin da na koya a makaranta na juye musu don kada a ce na rage wani abu, ban tsaya na zaɓi abin da nake so su tafi da shi gida ba. Ka ce mai gundurar mutane yawanci tsoronsu yake ji, shi ya sa yake kallon bango. Ka sa na zaɓi mace ɗaya a raina na rubuta mata, na karanta da ƙarfi, duk jimlar da ba zan iya faɗa wa Inna ba muka soke ta. Wata doguwar magana kan hawan jini ka mayar mini da ita layi guda: in kai ya yi ciwo, fuska ta kumbura, ido na gani dishi-dishi, kada a jira gari ya waye.

Ba mu gama ba ciwo ya kwantar da kai. Ni kaɗai na ƙarasa, ina jin muryarka a kan kowace kalma.

Da na koma, ban kunna komai ba. Na zauna a benci a tsakiyarsu, ina kallon fuskokinsu. Wallahi har na gama babu wadda ta yi barci.

A cikinsu akwai wata dattijuwa daga Balan da ta rako maƙwabciyarta. Bayan 'yan makonni sai ga ta da surukarta a kan babur, yarinyar fuska a kumbure, ba ta gani sosai. A gida an ce a bari zuwa gobe, ciki ya gaji haka. Tsohuwar ta ƙi, ta tare mai babur da kanta. Da muka auna jinin, nan take aka wuce da ita babban asibiti. Ta haihu, ita da 'yarta duk suna raye.

Shekaranjiya dattijuwar ta zo mini da ƙwaryar fura. Ta riƙe hannuna ta maimaita layin nan naka, ko kalma ɗaya ba ta canza ba, tana sa mini albarka. Ta yaya zan ce mata mai maganar yana kabari? Na karɓi addu'ar, a zuciyata ina miƙa maka.

Ban taɓa ce maka na gode ba, Baban Sadiya. Na ɗauka akwai lokaci. Na gode da hammar nan, na gode da haƙurin da ka yi da fushina.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ladan uwar nan da 'yarta a mizaninka. Sai mun zo.

Matarka,
Maman Sadiya