Kyamarar Yusufa a Shagon Yohanna

Nasarawa, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Yusufa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwancinka, ya haskaka shi, ya sa ka huta. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Na yi shekara da shekaru ina karantar da mutane cewa abin da ke isa ga mamaci addu'a ce da sadaka, ba tawada ba. Duk da haka ga ni da alƙalami. Ka lura kuma na rubuta sunanka. Kai ne ɗan fari, saboda haka bakina bai taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa maka. Yaron nan nake ce maka har ka yi gemu. Sai da ƙasa ta rufe ka hannuna ya sami izinin da bakina bai samu ba.

Mahaifiyarka tana nan, ƙafar ce dai ba ta barin ta. Matarka Rakiya ta fita takaba, daga baya ta yi aure a Kakuri. Ban hana ba, ba ni da hujjar hanawa. Ta bar mana 'yarka Hauwa'u, wadda yanzu ta fara haɗa baƙi, kuma an sa ta firamare. Masaƙar da ta sallame ku ta sake sallamar wasu. Har yau ana bin layin sabulu da madara, soja na tsaye da bulala. Ni kuma yanar ido ta fara rufe mini gani, sai na kai littafi dab da hanci nake ganin wasali.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Kyamararka ce ta dame ni.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita, bayan an sallame ka daga aiki? Ka saye ta a gwanjon kayan wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu. Tsohuwa ce tun a lokacin, ka ce ta girme ka. Baƙa da fari, mai nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami, da igiyar fata. Na ɗaure fuska. Na koma cikin littattafai na auna maganar malamai, har zuciyata ta natsu da ra'ayin masu cewa wannan tsare inuwa ne kamar na madubi, ba sassaƙa ba ne. Sai na ƙyale ka. Abin da ban gaya maka ba shi ne, duk lokacin da kake yi wa mahaifiyarka bayaninta a tsakar gida, ni ina zaure da littafi a buɗe, amma kunnena yana wurinka. Na ji kana cewa idan aka leƙa ƙaramar tagar, akwai wani ɗigo rawaya a tsakiya inda mutum ke fitowa biyu, sai a murza zoben gaba a hankali har biyun su haɗu su zama ɗaya, sannan a danna. Ka ciyar da gida da ita ba ka roƙi kowa ba. Na yi alfahari da kai, kuma kunya ta hana ni faɗa.

Ka ɗauki rabin mutanen unguwar nan. Masu suna, masu aure, 'yan coci ranar Kirsimeti, ma'aikatan Kudenda da sababbin kekunansu. Akwai ɗakin da ba a rataye aikin hannunka ba? Amma kai fa? Ko sau ɗaya ba ka juya ta wajenka ba. Hoton katin masaƙa kaɗai kake da shi, shi kuma yana aljihun rigar da aka cire maka a asibiti, ba mu sake ganin ta ba. Wane irin mai hoto ne zai bar 'yarsa ba fuskar uba? Ina jin haushinka a kan wannan, Allah ya yafe mini.

Sau ɗaya tak muka tsaya tare. Ranar Babbar Sallah ce, ka aiko mahaifiyarka ta roƙe ni, don kai ba za ka iya ba. Na fito. Ka miƙa wa abokin sana'arka Yohanna kyamarar, mutumin Zonkwan nan mai shagon hoto a bakin titi, ka zo ka tsaya kafaɗarka tana taɓa tawa. Tun kana jariri ban kusance ka haka ba. Ka ce fim ɗin bai cika ba, sai ka ƙarasa shi a bikin da aka gayyace ka Kakau sannan a wanke. A hanyar dawowa daga Kakau babbar mota ta ture babur ɗinka. Kai ka tafi. Kyamarar kuwa aka tsince ta a cikin ciyawa, ko ƙwarzane babu.

Sauran labarin ba ka san shi ba, shi ne nake so ka ji. Ranar rabon gado aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, aka fito da kayanka. Baffanka Alhaji Sani ya ce ba a yi wa akwati kuɗi sai an ga abin da ke cikinsa, kuma a hukunci ya yi gaskiya. Ya ɗauki kyamarar, ya yi ta laluba har bayanta ya buɗe. Ya zaro fim ɗin, ya ware shi tsawon hannu biyu, ya ɗaga wa rana yana neman hotuna. Bai ga komai ba. Ya ce ashe fanko ce. Muna zaune, dattawa masu rawani, mun san kason mata da na 'ya da na uba har ƙwayar gero, amma babu ɗaya daga cikinmu da ya san haske ne ke kashe abin. Sai da aka kai wa Yohanna ya kama kansa da hannu biyu. Ya ce, Baba Malam, ai da a rufe kuka kawo mini ita, da yanzu kana kallon Yusufa.

Kuskure ne, kuma ana yafe kuskure. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganar da baffanka ya yi daga baya a ƙofar masallaci. Wai Allah ne ya yi amfani da hannunsa ya tsare ka daga azabar masu yin surori. Shi da hotonsa na Makka yake rataye a falo, cikin firam mai ruwan zinariya! Muna gaisawa, muna sahu ɗaya. Zuciyata dai ba ta gaishe shi ba tun daga ranar.

Ni da kaina na yanke cewa a sayar da kyamarar, don ba ta rabuwa, kuma akwai haƙƙin marainiya a cikinta. Yohanna ya saya da daraja. Ya ajiye ta a akwatin gilashi a shagonsa, don shi da sabuwa yake aiki. Shagon kuwa yana kan hanyata ta zuwa masallaci. Ka san abin da ake nufi da mutum ya wuce ta gaban jarrabawarsa kullum da alwala a jikinsa?

Ga abin da ya tsananta lamarin. Fuskarka ta fara kuɓuce mini, Yusufa. Ina tuna tafiyarka, da tarinka, da ƙeyarka in ka durƙusa gaisuwa. Amma fuskar? Yaushe na kalle ta? Al'ada ta ce uba ya kau da kai daga ɗan fari, na kau. Na yi zaton akwai lokaci. Sai ga Hauwa'u ta zo ta tambaye ni ko babanta yana da wushirya, don 'yan ajinsu sun ce tata ta gado ce. Ni da ake zuwa daga nesa a tambaye ni mas'ala, na tura ta wurin kakarta.

A makon nan Yohanna ya tsayar da ni. Ya ce wani ɗan kasuwa daga Ikko mai tara tsofaffin kyamarori ya taya kyamararka, amma ba zai sallama ba sai ya ji ta bakina. Na dawo gida na ciro littattafan fiƙihun da na gada daga mahaifina, na ware waɗanda za su sayu. Har na ɗaure su. Na ce wa kaina don Hauwa'u zan saya. Ƙarya ce, don kaina ne. Ina so in riƙe igiyar da zufarka ta baƙanta, in sa ido inda ka sa naka.

Na je, na ce ya fito mini da ita. Gefen da babban yatsanka ke dafawa ya goge har jan ƙarfen ya bayyana. Na ɗaga ta, na leƙa tagar, Hauwa'u tana tsaye a bakin ƙofa. Na ga ɗigon rawaya. Na gan ta biyu, dishi-dishi. Na murza zoben dama, na murza hagu. Ba su haɗu ba. Idona ya riga ya gaza. A nan na gane abin da nake shirin yi: in sayar da ilimin ubana in sayi akwatin da na riga na ga cikinsa a rana. Ba ka cikinta. Baffanka ya faɗi gaskiya ba da saninsa ba, fanko ce.

Na ce wa Yohanna ya sallama wa mutumin Ikko, amma ya sa mata fim tukuna. Na zauna a bencinsa, na ɗora Hauwa'u a gefena, na kalli gilashin kai tsaye. Na gargaɗe shi kada ya bar kowa ya taɓa bayanta. Bai yi dariya ba.

Jiya ya kawo hoton, ya ƙi karɓar komai. Ya nuna wa Hauwa'u wata dabara. Ya ce ta rufe gemuna a hoton da yatsa, daga hanci zuwa goshi babanta ne sak. Mahaifiyarka ta duba, ta shiga ɗaki. Ni ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayi ne. Ba ni da idon da zan duba, ba ni da fuskar da zan gwada da ita.

Yanzu haka Hauwa'u tana zaune a bakin zaure da hoton, yatsanta a kan gemuna, tana kallo. Abin da muka iya bar mata ke nan na ubanta: rabin fuskar tsoho. Kyamarar ta tafi Ikko da safiyar yau. Na kwance littattafan na mayar da su mazauninsu.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda ba a kau da kai. In na zo, ka tsaya in kalle ka.

Mahaifinka,
wanda bai taɓa kiran sunanka ba.