Saƙon da Na Kasa Faɗa wa Gwaggo

Assalamu alaikum, Yaya Rabi. Ya gida, ya maigidan da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Kaura lafiya lau, alhamdulillahi.

Kin san ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa ciniki ya ja baya. Kwamiti ya yanke a sabunta komai. Za a sayi injin matsa, a riƙa talla ta waya, a sauke Gwaggo Hajo da ta kafa ƙungiyar, a ɗora Hajiya Luba. Sauran mata aka tura musu saƙon murya, ita kuma aka ce ni 'yar ɗan'uwanta in je in faɗa mata.

Na je, Yaya. Ta dama mini fura da hannunta, tana ta murnar sabon kaskon suya da ta saya mana. Nauyinta ya rufe mini baki, na sha na dawo.

Ranar taro ta zauna a tabarmar shugaba, kowa ya sani ban da ita. Suka bari ta buɗe da addu'a aka shafa, sannan Luba ta ce, "Gwaggo, koma baya. Zamanin kasko ya wuce, ya tafi da masu shi." Wasu suka yi dariya. Gwaggo ba ta ko kalli Luba ba, ni ta kalla.

"Asma'u, kin sani?"

Na ce na sani.

Har yau ba ta amsa gaisuwata. Don Allah ki kira ta, kuma ki roƙa mini Allah ta yafe mini. Ki gaida mutanen gidan duka.

Ƙanwarki,
Asma'u