Ni Na Turo Wa Inna Baƙon Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana, mu 'yan Nijar da ke Faransa ba mu da yawa, idan mutum ya yi tari a Paris sai a ce masa sannu daga Lyon. Ina roƙo kuma kada ku yi saurin yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara kawai nake nema.

Ni 'yar Damagaram ce, karatun shari'a ya kawo ni Paris. Na sauka da akwati ɗaya, ɗakin ɗalibai da aka yi mini alkawari bai samu ba, ba ni da kowa sai lambar wata dattijuwa da wata maƙwabciyarmu ta ba ni. Mu ce da ita Inna, don haka kowa ke kiranta. 'Yar Maradi ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, tana zaune a gidan haya a unguwar La Goutte d'Or tun kafin a haife ni. Ba ta san ni ba, ba ta san uwata ba, amma da na buga ƙofa sai ta ce, "Shigo ɗiyata, ki ci abinci tukun, mun yi magana daga baya." Har yau ba a yi maganar ba. Na fi shekara a falonta a kan katifa tare da wasu 'yan mata, wannan ta samu ɗaki ta tafi, wata ta zo. Mai ɗan aiki takan kawo shinkafa ko ta ba da wani abu na cefane, marar shi ta ci ta kwanta. Ni ko sisi ba ta taɓa karɓa a hannuna ba, ranar da na gwada ma fushi ta yi da ni. Kuma duk Juma'a idan an sauko daga masallaci tana tuƙa tuwo da miyar kuka, ɗalibai da masu gadi da direbobin tasi su cika gidan, takalma har kan matakala.

Da na gama karatu na samu aiki a Lyon, a wani kamfanin inshora. Sashenmu na masu gidajen haya ne da 'yan kasuwa. Mutum yana biyan wani abu duk shekara, ranar da rigima ta haɗa shi da ɗan haya ko da ofishin haraji, mu ne za mu ba shi shawara, mu biya masa lauya da kuɗin kotu. Ni ba lauya ba ce, takardun ƙara nake karantawa ina amsa waya, amma je ku gaya wa mutanenmu haka. Lokacin ina cikin watannin gwaji, takardar zamana a ƙasar kuma a kan aikin nan ta rataya. Ga wani abin kunya da zan faɗa: abokan aikina sun san cewa a gidan ɗalibai na zauna a Paris, don haka na gaya musu. Na ji nauyin in ce a ƙasa na kwana a falon wata tsohuwa. Me ya sa? Wa zai kashe ni don na kwana a ƙasa? Girman kai ne kawai na talaka da ya sa takalmi mai tsini.

Wata rana muna taron duba ƙararraki, shugabarmu ta ɗauko wata. Wani mai inshorarmu ne ya sayi bene a Paris, yana son ya fitar da wata tsohuwar 'yar haya ya gyara gidan ya ƙara kuɗi. Matar ba ta taɓa jinkirin biyan haya ba, ba shi da inda zai kama ta, sai zargin cewa tana saukar da mutane tana karɓar kuɗi. A dokar nan kana iya saukar da baƙo kyauta, amma idan yana biyanka ba da izinin mai gida ba, ka karya yarjejeniya. Shugabar ta karanta adireshin. Wallahi gidan Inna ne, har na san ko wace matakala ce ke ƙara a benen nan. Ƙa'idar aikinmu a fili take: idan ka san wani a cikin ƙara, ka faɗa, ka cire hannunka. Ban faɗa ba. Shugabar ta ce babu hujja, ba mai shiga gidan mutum sai da yardarsa ko da izinin alƙali, alƙali kuma ba zai ba da izini a kan jita-jita ba, don haka a rufe, kamfani ba zai kashe kuɗi a kai ba. Ku duba fa, an gama. Da na kama bakina Inna ta tsira, ba tare da ta ma san an yi ba.

Amma a makon nan ne shugabar ta kira ni ofishinta ta ce ba a jin muryata a taro, ba ta sani ba ko na dace da wurin. Maganar tana ta cina. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ba sai an je wurin alƙali ba. Irin waɗannan tsofaffin ba sa mayar da baƙo daga bakin ƙofa. A tura wisiye ranar Juma'a da rana, ya yi gaisuwa da ladabi, da kanta za ta ce ya shigo." Wisiye shi ne jami'in da ke zuwa ya ga abu da idonsa ya rubuta, kotu ta karɓi rubutunsa a matsayin hujja. Irin waɗannan tsofaffin! Haka na kira matar da ta rufe ni da zanenta ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Shugabar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Très bien, madalla. Yaya aka yi kika sani?" Na ce al'adar mutanenmu ce. Ta yi murmushi ta rubuta, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗin murmushin. Daga baya na riƙa lallashin kaina cewa ai mutane kawai zai tarar suna cin tuwo, cin tuwo kuma ba laifi ba ne. Ni da na karanta doka, ni nake yi wa kaina wannan tatsuniyar.

Inna da bakinta ta ba ni labarin zuwansa. Na fito sayen kubewa a unguwar La Guillotière nan Lyon, ta kira ni a waya tana dariya. "Ɗiyata, yau baƙo na yi, Bature, da karabat ɗinshi ɗaure a wuya. Ya faɗi aikinshi da faransanci mai tsawo, ni dai na ɗauka na meri ne, ofishin magajin gari, ya zo duba silin ɗin nan da ke yoyo. Na zaunar da shi, na zuba mishi tuwo, har da cokali." Na ce, "Inna, kin bar shi ya shiga?" Ta ce, "Yo in bar mutum tsaye bakin ƙofa ranar Juma'a? Baƙonka annabinka." Ta zagaya da shi ko'ina, ta nuna masa katifun da ake jinginewa bayan kabad, tana alfahari, tana cewa duk ɗiyanta ne. Ya tambaye ta ko suna ba ta kuɗi, ta ce mai hali yana ba da abin da ya samu. Gaskiya ta faɗa, Inna ba ta iya ƙarya ba, kuma na san haka tun ranar da na buɗe bakina. Na tsaya a gefen titin jirgin taram riƙe da leda, tana ta dariya a kunnena.

Rahoton ya iso ofishinmu. Ya ƙirga katifu, ya ƙirga takalman masu cin tuwo kamar duk a gidan suke kwana, ya rubuta cewa 'yar haya ta amsa da bakinta tana karɓar kuɗi. Kamfani ya karɓi ƙarar, ya ɗauki nauyin lauya. Mai gidan nan, da a ce daga aljihunsa zai biya, da ƙila bai shiga kotu a kan tsohuwa ba, amma tunda an riga an ɗauke masa, me zai hana shi? Ba a jima ba aka tabbatar da ni a aiki. Uwata ta yi sadaka a Damagaram, Inna ma ta kira ta sa mini albarka.

Yanzu sammaci ya iso mata, an sa ranar zama. Ita ba ta da inshorar komai, lauyan taimako gwamnati ta ba ta. Ya ce abin da zai cece ta shi ne waɗanda suka zauna a gidan su rubuta shaida, da sunansu da hoton katinsu, cewa kyauta ta sauke su. 'Yan matan da ke nan duk sun tsorata, takardunsu suna hannun hukuma, wasu kuma sun koma gida. Makon jiya na hau jirgin ƙasa na je Paris na gan ta. Juma'a ce, amma babu takalmi ko ɗaya a matakala, ta daina tuwon. Ta rame, ta ce mini ita ba ta san wata unguwa ba sai wannan, nan masallacinta, nan likitanta, nan aka ɗauki gawar mijinta. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai aiki, ke ce kika san doka, maganarki ta fi ta kowa nauyi. Ki rubuta musu abin da kika gani, ban ce ki ƙara komi ba." Na ce to Inna, bari in duba yadda ake yi. Sai ta ce, "Aboka, mai gadin nan da ke zuwa cin tuwo, ya ce mutanen nan ba su zaɓi Juma'a a banza ba. Wanda ya gaya musu ya ci tuwona. Na so in yi Allah ya isa, sai na hasa, ina tsoron ta hau kan ɗan da na riƙa da hannuna."

Jama'a, duk takardar da lauyanta ya miƙa, sai an ba lauyan mai gida kwafinta, shi kuma duk abin da ya samu yana turo mana. Idan na rubuta shaidar nan, sunana da hotona za su sauka a teburin matar da na gaya wa a zo ranar Juma'a. Aikin ya tafi, takardar zama ta bi shi, ƙannena da nake riƙe da karatunsu su dawo gida, kuma magana ba ta ɓuya, Inna za ta ji ko wane ne ya ci tuwonta. Idan ban rubuta ba, da wane baki zan ce mata a'a? Ko na rubuta ma ban da tabbacin alƙali zai bar mata gidan, amma idan ban rubuta ba na san inda za a ƙare. Tun da na dawo Lyon kullum da safe sai ta kira ni, ba ta tambayar takardar, sai dai ta ce na karya kuwa, in riƙa sa rigar sanyi.

Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Me zan yi?